Babi na Bakwai: Karanta Rubutun Boko da Yatsa ta Hanyar Na'ura

An shirya wannan babi ne domin manyan ɗalibai makafi da malamin da ke koyar da su, kuma ana so malam ya karanta shi a bayyane, sannu a hankali, yana tsayawa duk inda aka yi masa tambaya. Wanda ya iya rubutun makafi, wanda Louis Braille ɗan ƙasar Faransa ya tsara a shekarar 1824 bisa ɗigo shida, ya san amfaninsa, ya kuma san inda ya tsaya. Takardar asibiti, da rasidin kuɗin makarantar yara, da wasiƙar ofishin fansho, duk da tawada ake buga su, kuma ba wanda zai zauna ya mayar da su ɗigo. Dole magidanci makaho ya miƙa takardarsa ga ɗansa ko maƙwabcinsa, mai karantawa kuwa sai ya san ciwonsa da bashinsa kafin shi mai takardar ya sani.

Na'urar da ta yi suna wajen magance wannan matsala ita ce Optacon. Farfesa John Linvill na Jami'ar Stanford a Amurka ne ya ƙirƙiro ta tare da James Bliss, saboda 'yar Linvill da ta makance tun tana ƙarama. An fara sayar da ita a 1971, aka daina ƙera ta a 1996, don haka waɗanda suka rage tsofaffi ne da masu su ke ta gyarawa, kuma samun ta sai an sha wahala. Kashi biyu ce: akwai 'yar kyamara da ake riƙewa a hannun dama ana jan ta a kan layin rubutu, sai kuma akwati mai girman ƙaramar rikoda, wanda aka yi masa gurbin da ɗan alin hannun hagu zai kwanta. A cikin gurbin akwai 'yan tsinkayen ƙarfe 144, an jera su shida a faɗi, 24 a tsawo. Duk inda kyamara ta ga baƙin tawada, tsinkayen da ke daidai wurin sai su kama karkarwa, sauran su yi lamo, ta haka siffar harafin za ta fito a tafin yatsa.

A nan ne ya kamata ɗalibi ya kasa kunne sosai. Na'urar ba ta san ko harafi ɗaya ba, ba ta magana, ba ta kuma mayar da rubutu ɗigo. Abin da ke kan takarda shi take kawowa, mai yatsa shi ne mai karatu. Wanda bai san yadda A ta tsaya da ƙafafu biyu ba, ko yadda S ta lanƙwashe, ba abin da zai ji sai kaikayi. Saboda haka babban aikin ana yin sa ne tun kafin a kunna na'ura, kuma aiki ne da kowane ajin yaƙi da jahilci zai iya farawa, ko a cikin birnin Sakkwato ko a Wurno ko a Gwadabawa, da kayan da ba su fi ƙarfin kowa ba.

Malam ya yanko manyan haruffa daga kwali, kowanne kamar faɗin tafin hannu, ko ya liƙa igiya a kan allo da siffarsu. A fara da masu miƙaƙƙun sanduna, irin su I da L da T da H, sannan a shiga masu zagaye, irin su O da C da D. Ɗalibi ya shafa harafi, ya faɗi sunansa, ya murza yumɓu ya gina irinsa da hannunsa, domin abin da hannu ya gina ba ya saurin fita daga kai. Bayan haka a riƙa rage girman haruffan har su dawo kamar kan yatsa. Kada a tsallake P da Q da V da X don Hausa ba ta cika amfani da su ba, domin sunayen magunguna cike suke da su, haka kuma lambobi, waɗanda da su ake gane ranar da magani zai lalace.

Idan an samu na'ura, ɗalibi ya zauna a gaban tebur, takarda a shimfiɗe ba lanƙwasa. A darussan farko malam ne zai ja kyamara, ɗalibi ya mai da hankali ga yatsa kawai. Ya ɗora ɗan ali a hankali, kada ya danna, domin dannawa tana kashe karkarwar tsinkayen. Akwai maɓallin da ke ƙara ƙarfin karkarwa, da wani da ke daidaita kaurin zanen harafi, kuma sabon koyo yakan so ya murɗa su har ƙarshe, alhali hakan yana sa yatsa ya yi saurin mutuwa. Sai yatsa ya saba sannan ɗalibi ya karɓi kyamara, kuma riƙe ta a kan layi ba tare da ta zame sama ko ƙasa ba wani koyo ne mai zaman kansa.

Harafi ba ya zuwa gaba ɗaya. Yayin da kyamara ke tafiya dama, gefensa na hagu ne ke fara isowa, sauran su biyo baya. A ƙaramar b sanda ce ke fara wucewa, sannan ciki. A d kuwa ciki ne a gaba, sanda a baya. Mai karanta Hausa yana da ƙarin aiki, wato haruffa masu lanƙwasa. Ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ 'yar ƙarama ce, tana can saman sanda ta karkata dama, daidai wajen ƙarshen yatsa, kuma mai gaggawa ba zai ji ta ba. A ɓ ƙugiyar tana wucewa ta saman ciki, a ɗ kuwa ita ce abu na ƙarshe da zai shafi yatsa. A ganina ya dace malam ya ware wa waɗannan ukun darussa na musamman, yana kawo kalmomi bibbiyu kamar bari da ɓari, dari da ɗari, kafa da ƙafa, har sai ɗalibi ya daina dogara ga zato.

Yanayin Sakkwato ma yana da nasa tasiri. Da hunturu fatar yatsa takan bushe ta tsage, ji ya ragu, sai a shafa man kaɗe da dare, a wanke hannu tas kafin darasi don kada maiƙo ya shiga tsakanin tsinkayen. Da bazara kuwa gumi ne matsala, don haka a ajiye ƙyalle kusa, a yi darasi da sassafe, a rufe na'ura daga ƙura da zarar an gama.

Karatun yana da nawa, kuma gara ɗalibi ya san haka tun yanzu. Ko gogaggu ba su kai saurin mai karanta ɗigo ba, kuma wayar hannu ta zamani tana iya ɗaukar hoton takarda ta karanta shi da murya nan take. Amma waya takan yi tuntuɓe a kalmomin Hausa, ba ta kuma nuna wa mutum yadda aka tsara shafi, ko inda aka bar masa gurbin sa hannu. Da yake na'urar siffa kawai take kawowa, ana iya jan kyamara daga dama zuwa hagu a bi ajami, sai dai ɗigogi da wasulla sun fi ƙugiya ƙanƙanta, don haka a jinkirta shi sai boko ya zauna.

Kafin darasi na gaba, kowane ɗalibi ya gina haruffan sunansa da yumɓu, ya bar su su bushe a inuwa, ya zo da su a jere bisa faifai. Malam zai hautsina su, ɗalibi ya sake jera su da hannunsa, sannan ya yi musaya da na kusa da shi ya karanta sunan ɗan'uwansa.