Yadda nake binciken ƙaramar gunduma a Amurka

Ni dai taswira nake fara buɗewa. Ɗauki gundumar Loving da ke yammacin Texas. Nemi ruwa tukuna: Kogin Pecos ne iyakarta ta yamma, sauran kuwa fili ne busasshe fayau, sai rijiyoyin mai nan da can.

Daga nan ka bi diddigin sunan. Oliver Loving mai fataucin shanu ne, ya rasu a 1867 bayan raunin da ya samu a gaɓar kogin.

Ƙidaya ce wurin da nake daɗewa. Kada ka tsaya kan shekara guda, jera su: mutum 285 a 1940, 82 a 2010, 64 kacal a 2020. Ka lura, ma'aikatan mai masu shigowa da safe su koma da yamma ba sa cikin lissafin, don inda mutum yake zaune ake ƙirga shi.