Darasi na Bakwai: Neman Asalin Gidanku da Kuɗi Kaɗan

Duk wanda ya taɓa zuwa neman jinsiyya, wato takardar shaidar zama ɗan ƙasa, ko lambar ɗan ƙasa a nan Sudan ya san abin da ake fara tambaya: sunanka, sunan mahaifinka, na kakanka, da na mahaifin kakanka. Yawancinmu muna kawo sunayen nan huɗu ba gargada. Amma da za a ce wane ne na biyar, daga wane gari ya taso, me ya fito da shi, a ina aka binne shi, sai mu ce sai an tambayi tsofaffi. To, wannan darasi a kan tambayar tsofaffin ne, da yadda za a rubuta abin da suka faɗa tun suna tare da mu. Yanzu da kuka iya haɗa baƙi da wasali, aikin ya faɗo kanku.

Kayan aikin ba su da yawa. Littafin rubutu mai kauri, biro, fensir, leda mai kyau ta adana takardu, da waya mai ɗaukar murya da hoto, ko da ta aro ce. Sai ɗan abin gaisuwa, goro ko sukari da ganyen shayi. Ku ajiye maganar kuɗin mota zuwa Najeriya tukuna. Gwajin ƙwayoyin halitta da ake tallarsa a intanet kuma da dala ake biyansa, kuma ba zai gaya muku sunan ƙauyen kakanku ba. Gwaggonku da ke zaune a ɗaki tana iya faɗa muku shi kyauta.

Fara da kanka

A shafin farko ka rubuta sunanka a ƙasa. A samansa ka sa mahaifi a dama, mahaifiya a hagu. Sama da kowannensu ka sa iyayensa biyu. Wurin da ba ka sani ba ka bar shi fili. Kowane mutum kuma ka ware masa shafinsa a ciki: inda aka haife shi, sana'arsa, matansa ko mijinta, 'ya'ya, inda ya rasu. Da fensir za ka yi wannan, don za ka sha gogewa. Kada a manta da ɓangaren uwa. Takardun hukuma sunayen maza suke jerawa, shi ya sa sunayen kakanni mata suka fi saurin ɓata.

Yadda mutanenmu suka zo

Kafin ka zauna da tsoho, ka san hanyar, don ka gane abin da yake faɗa. Tun kafin zuwan Turawa alhazai ke ratsa ƙasar nan da ƙafa da jakuna, suna tsayawa su yi noma ko ƙwadago su tara guzuri, wani ya shekara biyar ko goma bai ga Ka'aba ba. A 1903 Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira ya nufi gabas, aka kashe shi a yaƙin Burmi a watan Yuli na shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya da jama'a, suka iso bakin Shuɗin Nilu wajen 1906, kuma garin Mai Wurno da ke kusa da Sinnar sunansa ya ci. Daga baya, da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, sai aiki ya riƙe dubban matafiya a kewayen Madani. Wasu suka zauna a Gadarif suna noman dawa da riɗi, wasu a Kasala, wasu suka kai bakin teku.

Hanyar da aka fi bi ita ce Kano, Maiduguri, Njamena, Abashe, Junaina, Fashir ko Niyala, Nahud, Ubayyid, Kosti, Sinnar ko Madani, Gadarif, Kasala, har Sawakin ko Bur Sudan inda ake shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Tsofaffi ba lallai su kira garuruwan da sunayen yanzu ba. In kaka ta ce Yerwa, Maiduguri take nufi. In ta ce Fallomi, Njamena ce, don sai a 1973 aka sauya mata suna. In tsoho ya ce ubansa ya yi aikin ginin Makwar, madatsar Sinnar ke nan.

Zama da tsofaffi

Nan ne kan aikin, kuma nan ake ɓata shi. Kada ka shiga da littafi a buɗe kamar mai karɓar haraji. Ka je bayan la'asar, ka gaisa, a sha shayi. Ka nemi izini kafin ka kunna waya. Tambaya babba irin ta "Kaka, ba ni tarihinmu" ba ta haifar da komai sai "Kai dai Allah ya ji ƙan magabata." Ƙaramar tambaya ce ke buɗe baki. Misali:

"Kaka, wa ya koya miki kaɗi?"

"Oho, yau kuma maigidan nawa bincike ya zo yi? Iyata ce mana, uwar babanmu. Ita da mazarinta ta taho tun daga gida."

"Gida ina, Kaka?"

"Can ƙasar Katsina. Ta ce akwai marina a bayan gidansu."

Dubi abin da ya fito daga tambaya ɗaya: mace ce ta yi tafiyar da kanta, ƙasar Katsina ce, kuma unguwar tana da marina. Gobe sai ka tambayi sunan garin, da wanda suka taho tare, da wanda aka bari a baya.

Akwai alkunya, kuma dole a kiyaye ta. Tsohuwa ba za ta faɗi sunan mijinta ba, ko na ɗanta na fari, ko na surukinta. Za ta ce "Malam" ko "mai sunan Malam". Kada ka matsa mata. Je ka wajen ƙanwar mijin ko wani aboki nasa, su za su faɗa maka kai tsaye. Ka kuma lura mutum ɗaya yana iya zama da suna uku. Wanda gida ke kira Garba, a takarda Abubakar ne, maƙwabta Larabawa kuma su ce Abbakar. Audu Abdullahi ne, Shehu Usman ne, Sanda Umaru ne. Laƙabi ma yana ba da labari: Tanko ya biyo bayan 'ya'ya mata, Kande ta biyo bayan maza, Gambo ya biyo bayan tagwaye. Idan ka sami Gambo a gidanku ba ka ji labarin tagwaye ba, akwai mutum biyu da ba ka rubuta ba tukuna.

Ka saurari harshen tsohon ma. Wanda ke cewa "zamna" maimakon "zauna", "biyat" maimakon "biyar", "shina" maimakon "yana", bakinsa na yamma ne, wajen Sakkwato ko Gobir. Tsagar fuska a tsohon hoto tana nuna asali, haka ma abokan wasa: Bakano da Bazazzagi, Bafillace da Babarbare, Bagobiri da Bayarbe. Ka tambayi tsoho su wa gidanku ke wasa da su.

Gano shekara

Tsofaffinmu ba sa ƙirga shekara da lamba, da abin da ya faru suke ƙirgawa. Sai ka jingina labarin da abin da aka san lokacinsa. Jirgin ƙasa ya kai Ubayyid wajen 1912, ya kai Niyala a 1959. Wanda ya ce ya hau jirgi daga Niyala, ai ka san ba kafin 1959 ya wuce ba. Babbar ambaliyar Nilu 1946 ce, samun 'yancin kai 1956, hawan Janar Abbud mulki 1958, hawan Numairi mulki 1969, yunwar da aka raba jar dawar Amurka 1984 zuwa 1985, ambaliyar Khartum 1988.

In ka sami shekarar Hijira a rubuce, ga lissafin, kuma ya zama aikin lissafinku na wannan mako. Raba shekarar da 33, ka jefar da ragowa. Debe abin da ka samu daga shekarar, sannan ka ƙara 622. Ɗauki 1365. In ka raba da 33 za ka sami 41. In ka debe 41 saura 1324. Ƙara 622, ya zama 1946. Lissafin yakan kauce da shekara ɗaya, ba ya wuce haka.

Takardun cikin adaka

Ka roƙi a buɗe maka tsohuwar adaka ko akwatin ƙarfe. Abin nema shi ne takardar aure da ma'azun, wato mai ɗaura aure, ya rubuta, wadda ake kira ƙasima, tsohuwar jinsiyya, fasfon aikin hajji, takardar gona ko ta fili, wasiƙun ajami, da bayan hotuna. Ka duba gafakar Alƙur'ani rubutun hannu, domin malamai kan rubuta ranar haihuwar 'ya'yansu a takardar farko ko ta ƙarshe, marubucin kuma yakan sa sunansa da na mahaifinsa a ƙarshen aiki. Takardar ƙiyasin shekaru kuwa, wato tasnin, a yi hattara da ita. In ka ga mutum biyar a gida ɗaya duk an haife su ran 1 ga Janairu, likita ne ya kintata.

Kada ka tafi da takardar kowa gida. Shimfiɗa ta a tabarma a inuwa, ka ɗauki hotonta gaba da baya, ka mayar. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 gidaje da yawa sun watse, an bar akwatuna an tsira da rai. Saboda haka duk hoton da ka ɗauka da duk muryar da ka naɗa, ka tura wa 'yan uwa uku a garuruwa daban ta WhatsApp ranar da ka sami intanet.

Ji da gani

A gefen kowane bayani ka sa harafi ɗaya. J yana nufin ji na yi, sai ka rubuta daga bakin wa da kuma yaushe. G yana nufin na gani a takarda, sai ka rubuta wace takarda da wanda take hannunsa. Gani ya kori ji, amma kada ka goge ji don ya saɓa wa takarda, domin magatakarda ma yana kuskure. In tsofaffi biyu sun saɓa, rubuta duka biyun.

A nan sai an yi gaskiya. Gidaje da yawa suna so a ce da Mai Wurno suka taho, ko jinin Shehu ne su. Wasu haka ne, wasu ba haka ba. Kakan da ya zo tsinkar auduga, ko kakar da ta riƙe gida da sayar da ƙosai da gyaɗa, ba abin ɓoyewa ba ne. Wanda ya liƙa wa gidansu sarautar da ba tasu ba ya ɓatar da jikokinsa, don za su je nema inda babu kowa nasu. Wani lokaci kuma za ka tono abin da ke da ciwo, kamar bauta, ko bashi, ko faɗan gado. In tsoho ya ce kada a rubuta, ka ajiye biro.

Akwai gidajen adana tarihi: Darul Wasa'iƙ a Khartum, Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da Arewa House a Kaduna, da Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Amma ba a zuwa can da hannu wofi. Sai ka san sunan mutum, da garinsa, da kimanin shekarar tashinsa. In ka sami waɗannan ukun, abu mafi araha shi ne ka nemi ɗalibi ko ɗan kasuwa mutumin yankin ya kai saƙon murya ga limamin garin ko mai unguwa, a tambaya ko akwai gidan da ke tuna wani nasu da ya tafi gabas bai dawo ba.

Aikin gida

Zana shafin farko na littafinka. Zaɓi wanda ya fi kowa tsufa a danginku, ka rubuta ƙananan tambayoyi biyar da za ka yi masa. Mayar da 1321 da 1375 zuwa shekarun Miladiyya. Mako mai zuwa kowa zai karanta wa aji jimla uku daga abin da ya jiyo, tare da harafin da ya sa a gefensu.