Yadda Ake Ƙara wa Injin Mai Turbo Ƙarfi Ba Tare da An Kashe Shi Ba

Turbo na'ura ce da hayaƙin injin ke juyawa. Hayaƙin da ke fitowa da zafi yana bugun wata farfela, ita kuma tana haɗe a kan sanda guda da farfela ta biyu, wadda ke cusa iska cikin silinda da matsi. Tun da injiniya Alfred Büchi, ɗan ƙasar Suwizalan, ya yi rajistar wannan dabara a 1905, asalinta bai sauya ba: idan iska ta ƙaru, ana iya ƙona ƙarin mai, ƙarfi kuma ya ƙaru. Wannan sauƙin ne ke ruɗar masu motoci, har su ɗauka aikin bai wuce a ɗaga matsin iska ba, alhali kuwa matsin shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a taɓa.

Kafin a sayi ko da ƙusa ɗaya, a fara tabbatar da lafiyar injin yadda yake. A auna matsin kowace silinda, kuma idan bambancin da ke tsakaninsu ya haura kashi 10 cikin 100, to akwai ringi ko bawul da ya gaji, gyara ne ya kamace shi ba ƙarin kaya ba. A kwance fulogai a jera su bisa tsarin silinda a duba kawunansu: ruwan toka mai ɗan ja alamar ƙuna mai kyau ce, baƙi mai danƙo na nuna baƙin mai yana shiga inda bai kamata ba, fari fat kuma na nuna zafi ya yi yawa ko mai ya yi kaɗan. Sannan a toshe hanyar iska, a hura mata iska da ɗan matsi, a fesa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo-tiyo. Duk inda kumfa ta taso, nan ne ƙarfin motar ke zurarewa. Sau da yawa mai mota kan ji motarsa ta dawo hayyacinta daga wannan gyaran kaɗai.

Abin da ke kashe injin mai turbo shi ne zafi da fashewar mai ba bisa tsari ba, kuma a nan ya kamata a fi tsayawa. A ƙa'ida, fulogi ne ke kunna gaurayen iska da fetur, wutar ta bazu a hankali tana tura fistin ƙasa. Idan zafi da matsi suka wuce abin da fetur ɗin zai jure, ragowar gaurayen yakan fashe da kansa kafin wutar ta iso shi, sai a ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a cikin gwangwani. Wani lokaci ma ba a jin komai saboda rugugin salansa, amma ɓarnar tana gudana: gefen fistin ya tsattsage, ringi ya karye, ko gasket ya ƙone. Duk wanda ya taɓa riƙe fistin da wannan ya ci, ya ga samansa ya yi rami-rami kamar gara ta bi ta kai, ba ya sake wasa da zancen.

Abubuwa uku ne ke tsare injin daga wannan. Na farko ingancin fetur, wanda ake aunawa da lambar oktan, kamar 91 ko 95 ko 98. Ƙa'idar ita ce a daidaita injin da man da za a riƙa samu kullum, ba wanda aka samu sau ɗaya ranar gwaji ba. Na biyu yawan man da ke cikin gaurayen. Ƙuna cikakkiya tana buƙatar iska kashi 14.7 ga kashi 1 na fetur a nauyi, amma idan turbo ya ɗauki kaya ana saukowa zuwa wajen 11.5 ko 12, domin rarar man tana sanyaya cikin silinda. Saboda haka dole famfon mai da nozul su iya ba da abin da ake nema, kuma ba a son nozul ya riƙa aiki fiye da kashi 85 cikin 100 na iyawarsa, don a bar masa sarari. Na uku sanyin iska. Iskar da turbo ya matsa tana iya wuce digiri 100 a ma'aunin Selshiyos, shi ya sa ake bi da ita ta intakula, wato lagireton iska, kafin ta shiga injin. A ganina, kuɗin da aka kashe a kan intakula mai girma ya fi amfani a kan wanda aka kashe wajen sayen salansa mai ƙara, ko da yake na biyun ne maƙwabta za su sani.

Bayan an kammala waɗannan ne ake zuwa ga ƙwaƙwalwar motar, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, wadda ke riƙe da taswira, wato jadawalin da ke tsara yawan mai da lokacin tartsatsin fulogi da iyakar matsi. Ana shiga cikinta ta soket ɗin binciken lafiyar mota da ake kira OBD-II, wanda ya zama tilas a motocin da ake sayarwa a Amurka tun 1996. A fara kwafe taswirar kamfani a ajiye, domin a samu wurin komawa idan aka yi kuskure. A guji taswirar da aka kwaso daga intanet ba a san wanda ya rubuta ta ba, da kuma dabarar toshe tiyon bawul ɗin rage matsi, wadda ke barin turbo ya yi ta hawa ba linzami. Aikin na gwani ne mai daino, wato na'urar da ake ɗora mota a kanta a auna ƙarfinta tana tsaye wuri guda. Ana ƙara matsi kaɗan-kaɗan, kamar 0.1 a ma'aunin matsi na bar a kowane zagaye, ana karanta yawan mai a hayaƙi da zafin iska da rahoton sensar fashewa. Da zarar an ga ƙwaƙwalwar ta fara ja da lokacin tartsatsi baya da kanta, to an kai iyaka, sai a koma mataki ɗaya ƙasa a tsaya nan. A kuma hana matsi ya taso gaba ɗaya tun injin yana juyawa a hankali, domin a nan ne sandar fistin ke lanƙwashewa, kuloci kuma ya fara sulɓi.

Ƙarfin da aka ƙara yana bi ta kuloci da giya ya sauka a taya, don haka birki da tayoyi su zama sun dace da sabon gudun. Cire matatar hayaƙi laifi ne a ƙasashe da dama, kuma sauya taswira na iya soke garantin kamfani ko ya shafi inshora idan ba a sanar ba.

Kulawar yau da kullum ma tana sauyawa. A rage tazarar canjin baƙin mai, a yi amfani da baƙin mai mai matakin inganci na API SP, musamman a injin da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda, a kuma sa fulogi mai jure zafi wanda aka ɗan matse bakinsa don kada matsi ya kashe tartsatsin. Farfelar turbo tana iya juyawa fiye da sau 150,000 a minti ɗaya a kan siririn shimfiɗin baƙin mai, saboda haka kada a taka totur sosai kafin man ya yi ɗumi, kuma bayan doguwar tafiya mai gudu a bar injin ya yi aiki a tsaye na minti ɗaya ko biyu kafin a kashe, don kada man da ya rage a cikin turbo ya ƙone ya zama gawayi ya toshe hanyarsa.