Yadda ake fitar da sautin jita ta katako a lasifikan coci

Na daɗe ina bayar da hayar kayan sauti a Gadarif ta ƙasar Sudan, galibi gidajen biki, amma aikin da ya fi ba ni wuya shi ne na wani coci mai rufin kwano da bangon siminti. Yaron da ke kaɗa musu jita gwani ne. Kana kusa da shi sai ka ji zaƙin katako, amma da sautin ya bi ta lasifika sai ya koma kamar ana dukan gwangwani. Abin ya dame ni ƙwarai, domin haƙƙinsa ne mutane su ji abin da yatsunsa ke yi. Ga hanyar da nake bi tun daga lokacin.

Fara da jitar kanta. Canza tsirkiyar da ta yi tsatsa, ka sa sabon batir mai bolt 9 idan tana amfani da shi, don batir mai rauni shi ke sa sauti ya riƙa karcewa. In an kawo ta cikin raksha da tsakar rana, bari ta huce kafin a ɗaure tsirkiya, in ba haka ba ɗaurin zai kauce ana tsakiyar waƙa.

Sai mahaɗa, kuma a nan aka fi yin kuskure. Yawancin jitocin nan suna ɗaukar sauti ne ta wani siririn fikof da ke kwance ƙarƙashin inda tsirkiya ta hau. Idan ka soka wayarsa kai tsaye cikin miksa, wato na'urar haɗa sauti, musamman jitar da ba ta da batir, kaurin sautin zai zube, ya bar maka ƙarar ƙarfe. Sa akwatin DI, wato ƙaramin akwatin da ke daidaita sautin jita da miksa, a tsakani: gajeriyar waya daga jita zuwa akwatin, kada ta wuce mita 5 ko 6, sannan waya mai haƙora uku, wato XLR, ta kai har miksa komai nisa. In akwatin na buƙatar wuta, kunna maɓallin 48V na miksa. Idan kuma ka ji wani gurnani da ba ya yankewa, irin na wutarmu mai haz 50 (haz shi ne ma'aunin kaurin sauti ko sirantarsa), wanda ya fi yawa ranar da ake kan janareta, danna maɓallin raba waya da ƙasa da ke jikin akwatin.

Yanzu miksa. Mayar da duk maɓallan gyaran sauti tsakiya, na jikin jitar ma haka. Ce wa makaɗi ya buga da ƙarfin da zai buga lokacin da jama'a suka ɗauki amshi, ka ɗaga maɓallin shigar sauti har dab da inda jar fitila za ta kama, sai ka ja baya kaɗan.

Wajen gyara, ragewa ake yi. Yanke duk abin da ke ƙasa da haz 80, tunda tsirkiya mafi kauri a wajen 82 take. In sautin ya yi kumburi, rage tsakanin 200 da 300. Wannan ƙarar gwangwanin kuwa tana zaune ne tsakanin 1,000 da 3,000: ɗaga maɓallin tsakiya, ka juya maɓallin zaɓen haz ɗinsa a hankali har ka kama inda ta fi muni, sannan ka sauke shi a wurin. Kada ka ƙara amsa-kuwwa, bangon siminti ya riga ya ba ka fiye da buƙata.

Sauran kukan lasifika. Cikin jita rami ne, yana kama sautin da ke dawowa ya maimaita. Toshe bakin ramin da murfin roba, ka sa makaɗi bayan manyan lasifika, ka rage ƙarar ƙaramar lasifikar da ke gabansa. Ranar nan yaron ya ce mini, "Kawu, ai ba na jin kaina." Na ce, "Ɗana, matso da ita ta fuskanci kunnenka." Da muka karkata ƙaramar lasifikar, ya ji kansa ba tare da an ƙara ko ɗigo ba.

Daga nan bar miksa, ka je bencin ƙarshe ka zauna, a sa mutum biyu su rera tare da jitar. In kalmomin waƙar sun ɓace, sauke jita. Ka sake saurare bayan mutane sun cika, domin jiki da tufafi na shanye kaifin sauti, wani lokaci sai ka ɗan maido da shi.