Matakan Nemo Wurin Nutso a Ruwan Sanyi na Cape Town

Da farko, dubi iska kafin ka dubi taswira. Birnin nan na Afirka ta Kudu gaɓa biyu gare shi. Lokacin zafi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar kudu maso gabas takan kore ruwan sama-sama a ɓangaren Atlantika, sai na ƙasa ya taso garau, amma da sanyi ƙarara, wajen digiri 10 zuwa 12. A lokacin, nufi Oudekraal, wani wurin nutso a wannan ɓangaren. In lokacin sanyi na can ya shigo, koma ɗaya gaɓar, wato False Bay, wajen garin Simon's Town.

Na biyu, leƙa shagon masu nutso, ka tambayi yadda ruwa ya kwana. Su suka san gari.

Na uku, sayi takardar izini, domin wuraren suna cikin yankin teku da aka keɓe.

Na huɗu, sa rigar roba mai kaurin milimita 7, da hula da safar hannu. Ni a ganina baƙo ya fara da Windmill Beach, wani bakin teku a Simon's Town: ruwan ba zurfi, manyan duwatsu sun tare igiyar ruwa, ga dogayen ciyayin teku suna rangaji kewaye da kai.

Kada ka shiga kai kaɗai.