Baƙo a cikin kwamfuta: kurakuran da aka fi yi da VirtualBox da gyaransu

Idan ka girka Linux a cikin kwamfutarka mai Windows ta hanyar VirtualBox ko VMware, wato manhajojin da ke ba ka damar tafiyar da wata kwamfuta a cikin taka, baƙo ka sauke a gidanka, kuma duk abin da zai ci daga tukunyar mai gida za a ɗibar masa. Yawancin koke-koken da nake ji daga mance wannan suke tasowa.

Rabon RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, shi ne kan gaba. Mutum yana da gigabait 8, sai ya ba baƙo 6 wai don ya yi sauri. Windows ta rasa wurin numfashi, ta koma jibge bayanai a faifai, su biyun duka su kama rarrafe. Kada ka wuce rabi. Haka ma ƙwayoyin firosesa: in huɗu gare ka, ba shi biyu. A wajen zaɓin akwai layi mai kore da ja, ka tsaya cikin koren.

Wani kuma tun farko baƙon ke ƙin tashi, saƙo ya fito cewa VT-x, wato fasahar firosesan Intel da ke ba da damar tafiyar da baƙo, a kashe yake. Manhajar lafiyarta ƙalau. Shiga BIOS, wato saitin kwamfutar da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka kunna shi. A kwamfuta mai firosesan AMD galibi za ka same shi da sunan SVM. In kuwa ka ga hoton ɗan kunkuru kore a ƙasan tagar, Hyper-V, wato tsarin Windows na tafiyar da baƙi, shi ne ya riga ya kama wurin, shi ya sa ake tafiyar hawainiya. Kashe shi in ba ka amfani da shi, sannan ka sake kunna kwamfutar.

Allo ya tsaya ɗan ƙarami, kwafa da liƙawa sun ƙi aiki tsakanin ɓangarorin biyu? Ba ka saka Guest Additions ba ne, wato ƙarin manhajar VirtualBox da ake girkawa a cikin baƙon. Mai son gwada Windows 11 ya sani tana buƙatar TPM 2.0, wani sashen tsaro na kwamfuta, kuma sai a VirtualBox 7.0 da ya fito a 2022 aka samar da shi, don haka tsohon siga zai ba ka wahala.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake dogara da sinafshot, wato hoton halin da baƙo yake ciki a wani lokaci. Yana da amfani ƙwarai kafin ka gwada abu mai haɗari, domin in ya ɓaci sai ka koma baya. Amma a faifai ɗaya yake zaune da sauran fayilolin, kuma jingine yake da faifan asali. Ranar da faifan ya mutu, tare za su tafi. In ka tara su da yawa kuma, wuri suke cinyewa a ɓoye. Goge waɗanda ka gama da su ta cikin manhajar kanta, kada ka taɓa share fayilolinsu da hannu. Aikin da ba ka son rasawa, fitar da baƙon gaba ɗaya a matsayin fayil ɗin OVA, ka ajiye a wani faifan daban.