Yadda Ake Mayar da Shago ko Ofis Gidan Zama a Ingila

Idan kana zaune a Ingila, ka ga wani shago a unguwarku ya daɗe a kulle, har ranka ya fara raya maka ka saye shi ka mayar gida, to akwai hanya a doka. Dokar tsara gine-gine ta 2015 ta ware wasu ayyuka da ba sa buƙatar cikakken izinin gini daga ƙaramar hukuma, kuma tun 1 ga Agustan 2021 akwai Rukunin MA, wanda ya halatta mayar da wurin kasuwanci wurin zama. Wannan a Ingila ne kaɗai. Sikotland da Wales kowacce da nata tsarin.

Kafin ka ba da ko sisi, bincika rukunin da ginin yake. Dole ya zama ya shekara 2 cur ana amfani da shi a Rukunin E, wato shago, ofis, banki, gidan abinci, asibitin unguwa ko wurin renon yara. Mashaya ba ta ciki, haka ma shagon da ake sayar da dafaffen abinci a tafi da shi, kuma nan ne mutane da yawa ke faɗawa. Nemi hujja a rubuce: takardun haya da na harajin kasuwanci. Maganar dillali ba hujja ba ce.

Sannan ka duba inda ginin yake. Idan yana cikin jerin gine-ginen tarihi, ko a gandun shaƙatawa na ƙasa, an rufe ƙofa. Akwai kuma Umarnin Sashe na 4, wanda ƙaramar hukuma ke amfani da shi ta janye wannan sauƙi a wani yanki, kuma ƙananan hukumomin Landan da dama sun yi hakan a tsakiyar kasuwanninsu. Buɗe shafin ƙaramar hukumarku ka duba taswira. Aikin rabin awa ne, amma zai iya ceton dukiyarka.

Idan ka haye waɗannan, sai zane, kuma a nan nake so ka tsaya ka natsu. Da aka fara barin mayar da ofisoshi gidaje a 2013, babu ƙa'idar girman ɗaki, sai wasu suka riƙa yanka bene gunduwa-gunduwa suna cusa iyalai kamar kaji a akurki. A 2019 a garin Watford har an amince da gidaje 15 a gini guda, 7 daga ciki ko taga babu. Wannan ya sa aka ɗaure doka: yanzu kowane ɗakin kwana da falo sai yana samun isasshen hasken rana, kuma tun Afrilun 2021 gidan mutum ɗaya ba zai gaza murabba'in mita 37 ba. Ka ɗauki wannan a matsayin mafi ƙaranci. Wanda zai shiga ɗan Adam ne, zai yi girki, zai shimfiɗa dardumar salla, wataƙila da yara. Ɗauki mai zanen gini da ya taɓa irin wannan aiki, ka ce ya zana gidan da kai ma za ka yarda ka kwana.

Daga nan sai neman amincewar farko ta Planning Portal, shafin intanet da ake neman izinin gini, tare da zanen da kuɗin rajista. Ƙaramar hukuma za ta duba abubuwa ƙididdigaggu, kamar zirga-zirgar motoci, ambaliya, gurɓatar ƙasa, hayaniyar kasuwancin maƙwabta da hasken ɗakuna. Tana da kwana 56. In sun wuce ba ta yanke hukunci ba, ana ɗauka ta amince, muddin ginin ya cika sharuɗɗan tun asali. Kada ka sa magini ya taɓa ko bulo guda kafin lokacin.

Ka sani kuma amincewar canjin amfani kawai ta shafa. Idan za ka huda sabuwar taga ko ka cire gilashin gaban shago, sai ka nemi izini na daban. Ƙa'idojin ingancin gini, wato kariyar gobara, magudanar ruwa, wayoyin lantarki da hana sanyi shiga, su ma nasu binciken daban ne. Idan da bashin banki a kan ginin, ko hayar dogon zango ka saya, lauyanka ya karanta takardun ya ga ko sun hana zama a ciki.

Daga ranar da aka amince kana da shekara 3 ka kammala aikin, don haka ka tanadi kuɗi da magini tun kafin ka miƙa takarda.